Musayar guraben zaɓen 'yan wasa: dabarar Dallas Cowboys

A gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, ƙungiyoyi 32 suna zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i kowace shekara a zagaye bakwai. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓe, domin kada masu ƙarfi su mamaye gasar. Gurbin zaɓe kadara ce: ana iya musayarsa da ɗan wasa ko da wasu gurabe.

Misali mafi shahara ya faru ne a watan Oktoban 1989, lokacin da Dallas Cowboys, a ƙarƙashin koci Jimmy Johnson, ta miƙa gwarzonta Herschel Walker ga Minnesota Vikings. Cikin abin da ta karɓa akwai gurabe uku na zagayen farko da uku na zagaye na biyu. A kakar, wasa ɗaya tak Dallas ta ci cikin 16.

Johnson ya ci gaba da juya guraben kamar jari. Ta haka ƙungiyar ta samo Emmitt Smith a 1990 da Darren Woodson a 1992. Ta kuma tsara jadawalin da ke yi wa kowane gurbi farashi: na farko maki 3,000, na 16 kuma maki 1,000, wanda daga baya sauran ƙungiyoyi suka ara.

Dallas ta ɗauki kofin Super Bowl a kakannin 1992 da 1993 da 1995. Minnesota kuwa ta rabu da Walker bayan kakar 1991, kuma ba ta kai wasan ƙarshe da shi ba.