Soyayyar 'Yar Aiki da Ɗan Babban Gida a Tarihin Ingila

A Ingila ta ƙarni na 19, aikatau, wato zaman mace a gidan wasu tana hidima don albashi da abinci da makwanci, shi ne sana'ar da ta fi ɗaukar mata, har ƙidayar 1891 ta nuna fiye da mata miliyan ɗaya suna yin sa. A manyan gidaje 'yan aiki kan kwana a ƙananan ɗakuna can ƙarƙashin rufi, suna bin matakalar baya don kada su yi kiciɓis da masu gida, kuma daga wannan tazara marubuta suka gina labarin soyayya mai tafiyar hawainiya. Littafin Pamela na Samuel Richardson, wanda ya fito tun 1740, shi ya shimfiɗa tsarin, inda saurayi mai dukiya da girman kai yake auren 'yar aiki mai kamun kai bayan doguwar turjiya. A zahiri irin wannan aure bai cika faruwa ba, domin kora ce yawanci makomar wadda ɗan gida ya yi wa ciki. Ko inda auren ya yiwu, bai zo da sauƙi ba: lauya Arthur Munby ya haɗu da 'yar aiki Hannah Cullwick a 1854, amma sai 1873 ya aure ta, shi ma a ɓoye.