Daga Houllier zuwa Deschamps: wa ke ɗaukar laifi in an sha kaye?

A daren 17 ga Nuwamba 1993 ina ɗan kwaleji, mun kewaye radiyon wani yayanmu a ƙofar gida muna sauraron wasan Faransa da Bulgeriya. Ban riƙe abubuwa da yawa daga wasan ba, amma na riƙe suna ɗaya, David Ginola, saboda shi aka yi ta ambata kwana da kwanaki. Sai da na girma na gane cewa mai horar da shi ne da kansa ya miƙa sunan ga ƴan jarida. Tun daga nan nake lura da abin da masu horaswa ke faɗa in an ci su, kuma ƙungiyar Faransa, wadda yawancinmu nan Nijar muka taso muna jin labarinta a RFI, ta ishe mu misali. Cikin shekara talatin ta ga mai horaswa da ya ɗora laifi a kan yaronsa, ta ga wanda ya guje wa tambaya, ta kuma ga wanda ya ce laifin nasa ne.

Ana neman gurbin zuwa Kofin Duniya na 1994 a Amurka. Saura wa Faransa wasa biyu, duka a gida, a filin Parc des Princes na birnin Paris, kuma ga ƴan wasa irin su Papin da Cantona da Desailly da Blanc. Ranar 13 ga Oktoba Isra'ila, wadda ke ƙarshen rukunin, ta zo ta ci su 3 da 2, alhali Faransa na gaba da 2 da 1 har saura minti goma a tashi. Duk da haka kunnen doki da Bulgeriya ya isa ya kai su Amurka. Cantona ya fara ci, Emil Kostadinov ya rama, aka tafi 1 da 1 har minti na 90.

A nan Faransa ta samu bugun tazara can kusa da kusurwar Bulgeriya. Aka ɗan taɓa wa Ginola, wanda ya shigo a madadin Papin. Maimakon ya riƙe ƙwallon a kusurwa lokaci ya ƙare, sai ya ɗaga ta cikin da'ira, ta wuce kowa, ta faɗa ƙafar ƴan Bulgeriya. Suka yi gaba da ita, Penev ya ɗaga wa Kostadinov, shi kuma ya narka ta ƙarƙashin ƙarfen sama, Bernard Lama yana kallo. Faransa ta rasa Kofin Duniya karo na biyu a jere.

Da Gérard Houllier ya zauna gaban ƴan jarida, sai ya kama sunan Ginola. Ya kamanta abin da ya yi da makami mai linzami da aka harba a zuciyar ƙungiya, ya kuma yi amfani da kalmar da ake kiran babban laifi da ita a gaban shari'a. Daga baya Houllier ya sha bayyana cewa wannan kalmar ba kan bugun ya faɗe ta ba, kan ƙorafin da Ginola ya yi a jarida kafin wasan ne, inda ya nuna bai ji daɗin ajiye shi a benci ba. Amma magana zarar bunu ce. Jama'a sun haɗa kalmar da bugun, haka kuma ta zauna. Ba a cika tuna cewa ƙwallon ta ratsa fili gaba ɗaya, ta wuce ƴan tsakiya da ƴan baya, kafin ta shiga raga ba. Ba a cika tuna cewa da an riƙe Isra'ila wata guda kafin nan da babu wannan zance ba, ko cewa Ginola ɗin ne ya ci ɗaya daga ƙwallo biyun Faransa a wancan wasa.

Maganar ba ta ceci Houllier ba, don kafin watan ya ƙare ya ajiye aiki. Shi kuwa Ginola, rabonsa da rigar ƙasa tun 1995, da wasa 17 kacal. Ya koma Ingila, a 1999 yana Tottenham ƴan wasa da ƴan jarida duka suka zaɓe shi gwarzon shekara, amma ranar da ƙasarsa ta ɗaga kofi a 1998 ba ya ciki. Houllier ma ya ci gaba, ya ɗauki kofuna da Liverpool a 2001 da Lyon daga baya. Sai dai gabar ba ta mutu ba. A 2011 ya sake zagin Ginola a cikin wani littafi, Ginola ya kai ƙara, kotu ta yi watsi da ita a 2012. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Houllier mushe ne kafin ya zama mai horaswa, ya koyar da Ingilishi a lakwal. Wanda ya riƙe aji ya san abin da ke faruwa da yaro in an kira sunansa gaban taro aka ce shi ya ja wa kowa.

Mataimakin Houllier, Aimé Jacquet, shi ya gaje shi. Jacquet ya yi aikin masana'anta yana saurayi kafin ƙwallo ta ɗauke shi, ba shi da zaƙin baki, kuma jaridar L'Équipe, babbar jaridar wasanni ta ƙasar, ta sa shi gaba. Bayan Jamhuriyar Cek ta fitar da Faransa da bugun fanareti a wasan kusa da ƙarshe na Kofin Turai na 1996, suka ya ƙaru: wasansa babu daɗin kallo, ba shi ne mutumin da ya dace ba. Jacquet ya haɗiye, ya killace yaransa a sansanin Clairefontaine. Ranar 12 ga Yuli 1998 suka ci Brazil 3 da 0, kuma a daren murnar ya ce ba zai taɓa yafe wa waɗanda suka ci mutuncinsa ba. Daga wannan lokaci masu horar da Faransa suka riƙa shiga ɗakin ƴan jarida kamar mai shiga gidan abokin gaba.

Roger Lemerre, wanda ya biyo baya, ya ɗauki Kofin Turai a 2000, amma shi ma ba ya ga maciji da ƴan jarida, amsarsa gajera ce kuma busassa. Ranar 31 ga Mayu 2002 a birnin Seoul, Papa Bouba Diop na Senegal ya zura wa masu riƙe da kofi ƙwallo ɗaya, ranar da mu ma nan muka yi ihu kamar mu muka ci. Faransa ta fita a zagayen farko ba tare da ta ci ko ƙwallo ɗaya ba. Lemerre ya ƙi ajiye aiki, babu kuma mai kare shi a jarida, aka sallame shi a watan Yuli. Bayan shekara biyu ya ɗauki Kofin Afirka da Tunisiya.

Raymond Domenech shi ne ya kai gudun tambaya maƙura. Ranar 17 ga Yuni 2008 a birnin Zurich, Italiya ta ci Faransa 2 da 0, ta kore ta daga Kofin Turai da maki ɗaya da ƙwallo ɗaya a wasa uku. Tashar talabijin ta M6 ta tare shi kai tsaye, aka tambaye shi makomarsa. Sai ya ce shirin da ke gabansa ɗaya ne, ya auri Estelle, wato Estelle Denis, uwar ƴaƴansa, wadda a lokacin ma'aikaciyar tashar ce. Miliyoyin mutane na jiran a faɗa musu dalilin da ya sa ƙungiyar da ta je wasan ƙarshe na duniya shekara biyu da suka wuce ta zama haka, shi kuma yana neman aure. Hukumar ƙwallon ƙasar ta bar shi a kujerarsa, amma jama'a sun daina jin maganarsa.

Kuɗin wannan rashin yarda an biya shi a Afirka ta Kudu a 2010. Ranar 17 ga Yuni Meziko ta ci Faransa 2 da 0 a Polokwane. Bayan kwana biyu L'Équipe ta buga a shafinta na farko zagin da ta ce Nicolas Anelka ya yi wa Domenech lokacin hutun rabin lokaci. Aka kori Anelka. Kyaftin Patrice Evra ya fito gaban ƴan jarida ya ce matsalar ita ce maci amanar da ya fitar da sirrin ɗakin sauya kaya. Ranar 20 ga wata, a garin Knysna, ƴan wasa suka ƙi atisaye, suka koma cikin motarsu suka zauna. Wanda ya fito da takardar yajin aikinsu ya karanta wa ƴan jarida shi ne Domenech da kansa, mutumin da aka yi wa tawayen, abin da daga baya ya ce ya yi nadamarsa. Ranar 22 Afirka ta Kudu ta ci su 2 da 1 a Bloemfontein, ya ƙi ba wa Carlos Alberto Parreira hannu, da aka tambaye shi dalili a taron ƴan jarida ya ƙi amsawa. Zance ya kai fadar shugaban ƙasa Sarkozy, shugaban hukumar ƙwallo Jean-Pierre Escalettes ya ajiye aiki, ƴan majalisar dokoki suka kira su biyun suka yi musu tambayoyi a asirce. An dakatar da Anelka wasa 18, Evra 5, Ribéry 3, Toulalan 1. Tambayar da Domenech ya ƙi amsawa a bakin fili ita ce ta bi shi har majalisa.

Didier Deschamps ya karɓi ƙungiyar a 2012. Yana cikin fili a daren Bulgeriya na 1993, ya ga abin da aka yi wa Ginola, kuma shi ne kyaftin ɗin Jacquet a 1998. Ya sha nasa kayen: Portugal ta ci shi 1 da 0 a wasan ƙarshe na Kofin Turai na 2016, a gida. Amma jarrabawarsa ta gaske ta zo ranar 28 ga Yuni 2021 a Bukares. Faransa, mai riƙe da Kofin Duniya, tana gaban Suwizalan da 3 da 1 saura minti goma, aka rama duka, aka je bugun fanareti. Tara suka ci. Na goma Kylian Mbappé ne, yana da shekara 22, Yann Sommer ya tare.

Ga yaro, ga kuskure a bainar jama'a, ga ƴan jarida na jiran suna, daidai da abin da Houllier ya tarar. Deschamps ya ce babu wanda ke fushi da Mbappé, ya ɗauki nauyin bugun da ƙarfin hali. Ya kuma ce alhakin kayen yana wuyansa. Akwai gaskiya a ciki, domin shi ya fara wasan da sabon tsari na ƴan baya uku wanda ya ƙi aiki, har sai da ya sauya shi. Wannan bai hana wasu zagin Mbappé a intanet ba, har da zagin launin fata, abin da ya sa yaron ya yi tunanin barin ƙungiyar ƙasa. Amma mai horar da shi bai ƙara wa wutar ice ba. Bayan wata goma sha takwas, a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Katar, Mbappé ya ci Ajantina ƙwallo uku, ya gama gasar da takwas, fiye da kowa.

Ba ina cewa Deschamps waliyyi ne ba. Yana da tasa dabarar ta yin dogon bayani ba tare da ya faɗi komai ba, kuma zamaninsa ya bambanta. Yau dokar gasa ta tilasta wa mai horaswa ya tsaya gaban kyamara minti kaɗan bayan tashi, sannan ya je taron ƴan jarida, yana da jami'in da ke shirya shi, ya kuma san duk kalmar da ya furta za ta zaga duniya a Facebook da WhatsApp kafin ya kai otal. Ya kamata kuma a yi wa masu horaswa adalci, don kujerarsu ba ta da ƙafa huɗu. Mun gani a gida: Harouna Doula ya kai Mena Kofin Afirka karo na farko, hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon mai horaswa na 2011, amma da Gabon ta ci mu 2 da 0 a Libreville a Janairun 2012, sai ragama ta koma hannun Bafaranshen da aka kawo ya ba shi shawara, Rolland Courbis. Wanda ya san minti 90 na iya shafe aikin shekara biyu, ba abin mamaki ba ne in ya waiga neman wanda zai aza wa kaya.

Sai dai tarihin nan ya nuna aza wa wani kayan ba ya tsirar da mai shi. Houllier ya ambaci suna, ya rasa aikin cikin kwana takwas, ya kuma ja gabar har ƙarshen rayuwarsa a 2020. Domenech ya kauce, tambaya ta taru ta faɗo masa gaba ɗaya. Deschamps ya ɗauka, ya riƙe aikinsa, ya riƙe ɗan wasansa. Hausawa sun ce babba juji ne.

Ni ma ina da nawa taron ƴan jaridar. Duk shekara in sakamakon BEPC ya fito, iyaye na zuwa lakwal su tambaye ni me ya faru, kuma kullum akwai amsa mai sauƙi a bakina: wane ba ya zuwa, wance ba ta karatu. Wani lokaci gaskiya ce. Amma yaron da na kira sunansa a gaban iyaye, shi zan tarar a benci ranar komawa lakwal a watan Oktoba, kuma da shi zan sake shiga jarrabawa.