Shago Ba Gida Ba Ne: Martani Kan Batun Masauki a Kalgo

Wani abokin aikinmu ya kafa hujja da Ingila, inda aka sassauta dokar tsara gari a 2013 har ofisoshi suka riƙa komawa gidaje, yana ganin haka ya kamata a yi da shagunan da ke kulle a Birnin Kebbi da Kalgo. A ganina hujjar ba ta zauna da gindinta ba.

A arewa akasin haka muke gani: gida ne ke komawa shago. Wanda ya san Fagge da kewayen Kantin Kwari a Kano ya ga yadda ake fasa bangon zaure a sa ƙofar ƙarfe. Shagon da ke kulle yau, galibi ɗan haya yake jira.

Abokin namu ya ce rufi dai rufi ne, wanda ba shi da muhalli ba ya zaɓe. To, a ɗauki magidanci daga Dangoma da ya samu aiki a Kalgo ya taho da iyalinsa. Shagon ƙofa ɗaya ce gare shi, tana kallon titi. Babu taga ta baya, babu makewayi, babu madafa. Ina uwargida za ta ɗora tukunya, ina za ta yi shanya? A zafin Afrilu tsakar gida ake kwana, shagon kuwa ba shi da ita. Abokin namu zai ce a gyara. Gyaran da zai kawo ruwa da masai da katanga, anya bai kai kuɗin sabon gini ba? Ita Ingilar ma sai da ta dawo a 2020 ta wajabta hasken rana a ɗakunan, a 2021 ta ƙayyade girmansu. Ga kuma tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi: an bar ta bayan ƙaurar gwamnatin tarayya zuwa Abuja a 1991, an miƙa ta ga wani kamfani a 2006 don ya mayar da ita gidaje, taƙaddama da gwamnatin Legas ta tsayar da aikin.

Inda na yarda da abokin namu wuri ɗaya ne. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, Kalgo ke karɓar ɗalibai, kuma ɗalibi ɗaki ɗaya ya ishe shi. Jerin shaguna zai iya zama masaukin ɗalibai idan an fasa tagogi, an haɗa ruwa da makewayi, hukuma ta amince da sauya amfanin filin. Ga mai iyali kuwa, a ba shi fuloti.