Tarihin Gidan Haya a Sparkbrook da Hulme

Manyan gidajen unguwar Sparkbrook ta birnin Birmingham an gina su ne a ƙarni na 19 domin masu hannu da shuni, amma da waɗannan suka ƙaura zuwa gefen gari, sai aka yayyanka gidajen ɗaki-ɗaki ana ba 'yan Ailan haya, daga baya kuma baƙi daga Jamaika da Pakistan suka biyo sahu. Tushen cunkoson shi ne sharaɗin da majalisar birnin ta gindaya cewa sai mutum ya shekara 5 a garin kafin ya cancanci gidan hukuma, wato gidan da majalisa ke ginawa tana bayarwa haya da rahusa. Baƙon da aka rufe wa wannan ƙofa yakan faɗa hannun ɗan ƙasarsu da ya riga shi zuwa, wanda ya ci bashi mai tsada ya sayi tsohon gida, ba shi kuma da hanyar biya sai ya cika kowane ɗaki da 'yan haya, ana layin banɗaki ɗaya, ana jefa tsaba a mitar gas kafin a ɗora tukunya. Ya yi kama da maigidan zango mai saukar fatake a Kumasi, sai dai shi bashi ne ya ɗora masa wannan matsayi. Masana zamantakewa John Rex da Robert Moore sun yi nazarin unguwar a littafinsu na 1967, shekara guda kafin doka ta haramta hana mutum haya saboda launin fata.

A Manchester hukuma ce da kanta ta zama mai gida. Ta rushe tsofaffin layukan unguwar Hulme, ta buɗe dogayen benaye huɗu masu siffar jinjirin wata a 1972, waɗanda ba su daɗe ba danshi da kyankyasai da tsadar ɗumama ɗaki suka addabe su. Bayan wani yaro ya faɗo daga bene ya rasu a 1974 aka fara kwashe masu iyali, a 1984 kuma majalisa ta daina karɓar haya baki ɗaya, abin da ya jawo ɗalibai da mawaƙa suka tare har aka soma rushe benayen a 1993.

Dokar gidaje ta 1980 ta ba ɗan hayar gidan hukuma damar sayensa da rangwame, ta 1988 kuma ta halatta wa mai gida tashin ɗan haya da sanarwar wata biyu ba tare da faɗin dalili ba, kuma da wuya a sami abin da ya sauya fuskar unguwannin kamar haɗuwar dokokin biyu, domin gidajen da aka sayar da yawa sun koma hayar 'yan kasuwa. A Birmingham da kewayenta aka fara gwada tilasta wa masu gida duba takardun zaman baƙo a Disamba 2014, kafin a faɗaɗa shi zuwa dukkan Ingila a 2016, don haka ɗalibin da ya taso daga Kano yakan nuna biza kafin a miƙa masa mukulli.