Ƙaramin katin da ya hana mu zubar da kwamfutocin makaranta

A ofishin shugaban makarantar da nake koyarwa a garin Diffa akwai wani kabad na ƙarfe da ya shekara uku a kulle. A cikinsa kwamfutocin cinya ne guda goma sha biyu, na gwanjo, da wata ƙungiyar agaji ta kawo mana. Ranar da muka samu akwatin intanet muka fito da su muka kakkaɓe ƙura, sai biyar suka kama, bakwai suka ƙi. Suna kunnuwa, ana rubutu a kansu, amma ko sunan intanet ɗin makarantar ba sa gani. Nan take aka ce sun mutu, har wani ya kawo shawarar a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Na ɗauki ɗaya na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ya kifa ta, ya cire batir, ya kwance marfin bayanta, ya nuna mini wani ɗan kati da bai kai kwalin ashana ba, an maƙala masa siraran wayoyi biyu, baƙa da fara. Ya ce: "Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Kunnenta ne ya tsufa." Ni malamin tarihi ne, don haka na koma gida na shiga bin diddigin wannan kunne. Abin da na gano ya shafi duk uban da zai saya wa ɗansa kwamfuta, da duk malamin da aka danƙa wa kayan makaranta.

Labarin ya faro a 1985, lokacin da hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da izinin amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba, ciki har da zangon 2.4 GHz. Injiniyoyin kamfanin NCR a ƙasar Holan suka yi amfani da damar suka ƙera WaveLAN, da nufin haɗa injinan karɓar kuɗi na kantuna ba tare da jan waya ba. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, a wani kwamiti da Vic Hayes ya shugabanta, ta fitar da ƙa'idar da aka sa wa lamba 802.11. Gudunta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba. A 1999 aka fitar da 802.11b mai megabit 11, kuma a shekarar ne sunan Wi-Fi ya bayyana.

A watan Yulin 1999, a birnin New York, Steve Jobs na kamfanin Apple ya ɗaga kwamfutar iBook tana buɗe shafin intanet, ya zura ta cikin wani babban zobe don jama'a su ga babu waya a jikinta. Abin da ya ba ta wannan iko kati ne mai suna AirPort, ana sayensa daban a kan dala 99, mai kwamfuta ya ɗaga allon madannai ya saka shi da hannunsa. Wato tun ranar farko, an yi katin ne a matsayin abin da ake cirewa a sauya, kamar tayar keke.

Dalilin hakan a fili yake: ƙa'idar tana sauyawa da sauri fiye da yadda kwamfuta ke lalacewa. A 2003 aka samu 802.11g mai megabit 54, shekarar da Intel ya fito da Centrino har katin ya zama abin da kusan kowace kwamfutar cinya ke zuwa da shi. A 2009 aka tabbatar da 802.11n, a 2013 sai 802.11ac da ke aiki a zangon 5 GHz kaɗai, a 2019 kuma Wi-Fi 6. Makullin tsaro ma ya sauya. Na farko, WEP, masu bincike sun nuna rauninsa tun 2001, aka kawo WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Ramin da ake saka katin shi ma ya bi sahu: daga Mini PCI zuwa Mini PCIe, daga nan zuwa M.2, wanda katinsa milimita 22 ne a faɗi, 30 a tsawo.

A duk waɗannan shekaru mu a gabashin Nijar muna ina? Tsakanin Yamai da Diffa tafiyar sama da kilomita 1,300 ce, kuma duk wani sabon abu sai ya gaji kafin ya iso. Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, da Orange da ya shigo ƙasar a 2008, su ne suka sa yawancinmu muka fara taɓa intanet, a wayar hannu. An kafa Jami'ar Diffa a 2014, muka ɗauka lokacinmu ya zo. Sai ga Boko Haram sun kama Damasak, a tsallaken Komadugu, a watan Nuwamban shekarar, kuma a ranar 6 ga Fabrairun 2015 suka kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka dakatar da cinikin tattasai da kifi, waɗanda su ne abincin gidajen kwarin nan. Makarantun bakin kogi da dama suka rufe, 'yan makaranta suka bi iyayensu gudun hijira zuwa gefen babbar hanya.

Wannan ya taɓa har aikin mai gyaran nan. Ya ce a da kayan gyara daga Maiduguri suke zuwa masa ta Damasak, da naira ma yake biya. Da hanyar ta lalace sai ya koma aikawa Kano, kaya su zagayo ta Damagaram. A shekarun da muke fama da neman tsira, duniya ta sauya ƙa'idar Wi-Fi har sau biyu. Kwamfutocin da ke iso mana kuwa waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su ne. Yau an shimfiɗa wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa a aikin da Bankin Raya Afirka ya tallafa, har da reshen Diffa zuwa N'Guigmi zuwa iyakar Chadi, Starlink ma ya fara aiki a Nijar a 2025. Akwatunan intanet sababbi ne, kwamfutocin yaranmu kuma na shekara goma sha biyar da suka wuce. Tsoho da yaro ne aka haɗa hira, kowa da yarensa.

Ga yadda ta kaya da bakwai ɗinmu. Biyu ba su buƙaci komai ba: akwatinmu ne aka saita a makullin WPA3 kaɗai, da aka buɗe masa WPA2 suka kama. Ɗaya kuma baƙar wayar ce ta zame daga kan katin. Wayoyin nan su ne eriya, suna bi ta mahaɗin murfi su hau bayan gilashi, shi ya sa murfin da ya sha wahala kan kashe intanet. Uku aka sauya musu kati, aka saka manhajar da ke tuƙa shi, kuma kuɗin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar kwamfuta ba. Ta bakwai ta ƙi sabon katin ƙememe, domin wasu kamfanoni sun rubuta wa kwamfutocinsu jerin katunan da za su yarda da su, baƙo ba ya shiga. Ita muka saya mata ɗan katin da ake soka wa a ramin USB. Yana aiki, sai dai kullum ina tsoron wani yaro ya tafi da shi a aljihu.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani kafin su saki kuɗin tattasai ko albashin wata biyu. Da yawa daga cikin siraran kwamfutocin da ake ƙerawa yanzu an narke katin a jikin babban allon ciki, ba ya ciruwa. Su ne gwanjon da za su cika kasuwanninmu nan da 'yan shekaru. Idan za ka saya, ka sa mai kanti ya buɗe bayanta ka ga ko katin na noti ne. Ka kunna intanet ɗin wayarka a zangon 5 GHz, in wayar tana da shi, ka ga ko kwamfutar za ta gan shi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa kana kallon ko alamar tana ɗaukewa. Wanda zai sauya kati kuma ya fara cire batir, ya duba irin ramin, kada ya sayo M.2 alhali nasa Mini PCIe ne.

'Yan uwana malamai, na san irin kabad ɗinmu yana nan a makarantu da yawa, daga Maine Soroa har N'Guigmi. Kafin a rubuta "ta mutu" a takardar ƙidayar kaya, a nemi mai gyara ya duba katin. Goma sha biyun nan namu yanzu suna kan tebur, kuma a kansu ne 'yan ajin ƙarshe suka sauke tsofaffin tambayoyin jarrabawa na bana, uku-uku a kan kowace ɗaya.