Firiyon: yadda ciwon haukan shanu da danginsa ke cin ƙwaƙwalwa

Masu sauraronmu da suka manyanta za su tuna shekarar 1996, lokacin da gidajen rediyon duniya suka cika da labarin haukan shanu a Ingila. Ciwon nan ɗaya ne daga cikin wani dangin cututtuka da likitoci ke kira cututtukan firiyon. Suna kama mutum, suna kama tumaki da awaki da shanu da dangin barewa. A 2018 kuma aka tabbatar da irinsu a jikin raƙuma a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Shi ya sa muka tattara wannan bayani a kan yadda ciwon ke farawa, yadda yake tafiya cikin jiki, da kuma inda za a iya tare shi.

Mene ne firiyon?

Cututtukan da muka saba da su, wata halitta ce ke shigowa jiki ta hayayyafa, kamar a masassarar cizon sauro, ko tarin fuka, ko ƙyanda. To, shi firiyon ba shi da rai. Ba ya ci, ba ya numfashi, ba shi da sinadarin gado irin wanda ƙwayoyin cuta ke haihuwa da shi. Furotin ne kawai, wato irin kayan da jiki ke gina kansa da su.

Kowane furotin kamar doguwar igiya yake, wadda ake naɗewa ta ɗauki wata siffa, kuma siffar nan ce ke ba shi aikinsa. Dukkanmu muna da wani furotin mai suna PrP, mafi yawansa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Lafiya lau yake, jiki na ƙera sabo yana rushe tsoho. Matsala na tasowa ne idan ɗaya ya naɗe a karkace. Igiyar dai ita ce, ƙullin ne ya sake, ya yi taurin da sinadaran share datti na jiki ba sa iya kwance shi da sauƙi. Wannan karkataccen shi ake kira firiyon.

Wani likita ɗan Amurka, Stanley Prusiner, shi ya raɗa sunan a 1982. Masana da yawa sun yi masa gardama a lokacin, sai ga shi a 1997 ya samu kyautar Nobel a kan wannan aiki.

Yadda ɗaya ke zama dubbai

Idan karkataccen ya taɓa lafiyayyen PrP, sai ya tilasta masa ya naɗe irin naɗinsa. Su biyun su manne, su jawo na uku, su jawo na huɗu, har su zama dogon zare. Da zaren ya yi tsawo sai ya karye, kowane guntu kuma ya koma iri, yana jawo wasu. Kun ga ke nan ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, huɗu takwas. Da fari abin ba ya ko taɓa mutum, amma in lissafin ya yi nisa sai ya hau da gudu.

Jikin ne da kansa ke ba ciwon abin da yake ci. An gwada wannan a birnin Zurich na Suwizalan a 1993. Masu bincike sun samar da ɓeraye marasa PrP, suka sa musu firiyon, ɓerayen ba su kamu ba, don babu abin da zai karkatar.

Wani abin kuma, tun da furotin ɗin na gida ne, garkuwar jiki ba ta ɗaukarsa baƙo. Ba ta yaƙarsa yadda take yaƙar ƙwayar cuta. Don haka ba masassara, kuma gwajin jini na yau da kullum ba ya nuna komi.

Daga ina na farko ke fitowa?

Hanya uku ce. Ta farko, haka kawai, ba tare da an ɗauka daga kowa ba. Wannan shi ne mafi yawa a ciwon Creutzfeldt-Jakob, wanda ya ci sunan likitocin Jamus biyu da suka bayyana shi a 1920 da 1921. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo haka yake zo musu, galibi suna wajen shekara 60 ko sama. Ba shi da yawa, mutum 1 zuwa 2 ne cikin miliyan a shekara.

Ta biyu gado. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 suna gadon wani canji a ƙwayar gadon da ke ƙera PrP, wanda ke sa shi saurin karkacewa. Daga cikin irin wannan akwai wanda aka bayyana a wani dangi na Italiya a 1986, inda barci ke ƙaurace wa mutum sannu a hankali har ajali.

Ta uku ɗauka daga waje, ta abinci ko ta hanyar aikin likita. A Faransa sama da mutum 100 sun rasu bayan an yi musu allurar ƙara tsawo tun suna yara, wadda a wancan zamani ake haɗawa daga wani sashe na ƙarƙashin ƙwaƙwalwar mamata. Yanzu an daina, a masana'anta ake haɗa maganin.

Daga baki zuwa ƙwaƙwalwa

Idan ta abinci ya shiga, ruwan ciki ba ya narkar da shi duka. Yakan ratsa bangon hanji ya sauka a kaluluwar wurin, daga nan ya taru a saifa da sauran kaluluwa, yana ƙaruwa shiru. Sai ya kama jijiyoyin da ke zuwa hanji, ya bi su zuwa lakar baya, ya hau ƙwaƙwalwa. Tafiyar nan ba ta kwana ɗaya ba ce. A saniya takan ɗauki shekara 4 zuwa 5, a mutum kuwa shekara 10 ko fiye.

A ƙwaƙwalwa, mahaɗan da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo ta cikinsu su ke fara lalacewa, sannan ƙwayoyin su riƙa mutuwa. In an duba naman a madubin bincike, sai a ga ƙananan ramuka birjik kamar soso. Alamar da za ta fito ta danganta da sashen da ya fi taɓuwa. Mutum kan fara da mantuwa, ruɗewa, sauyin hali, tangaɗi in yana tafiya, gani na dushewa, gaɓoɓi na zabura. Daga baya magana ta ɗauke, motsi ya tsaya. A irin wanda ke zuwa haka kawai, akasari ba a cika shekara ɗaya bayan alamu sun bayyana. Ana gane shi da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da wani gwaji na musamman a kan ruwan lakar baya. Har yau ba shi da magani ko rigakafi, sai kula da majinyaci da sauƙaƙa masa wahala.

Darasi daga wurare biyu

A tsaunukan Papuwa Niu Gini, al'ummar Fore sun yi fama da wani ciwo mai suna kuru, ma'ana karkarwa. A al'adarsu ta da, dangi kan ci sassan jikin mamaci don girmama shi, kuma mata da yara su suka fi samun ƙwaƙwalwar, su ne kuma suka fi mutuwa. Da aka bar al'adar wajen ƙarshen shekarun 1950, sai ciwon ya yi ta raguwa har ya ɓace. Amma fa an samu waɗanda ciwon bai tashi a jikinsu ba sai bayan kusan shekara 50.

A Ingila kuwa, an riƙa niƙa ragowar nama da ƙashin dabbobi ana zubawa a abincin shanu. An gano ciwon a 1986, aka hana wannan abinci a 1988. Shanu sama da 180,000 aka tabbatar sun kamu, aka hallaka sama da miliyan 4. A watan Maris na 1996 gwamnati ta sanar cewa akwai alamar ciwon ya tsallaka zuwa mutane ta nama. Mutum 178 suka rasu a Birtaniya, yawancinsu matasa. A wuraren nan biyu, toshe hanyar abinci ne ya karya ciwon.

Batun raƙuma

A mayankar garin Wargla da ke Saharar Aljeriya, likitocin dabbobi sun lura cewa kusan 3 cikin 100 na raƙuman da aka kawo yanka a 2015 da 2016 suna da alamun ciwon jijiya: rama, karkarwa, faɗa, kaɗa kai sama da ƙasa, tangaɗi da faɗuwa. Gwaji ya tabbatar da firiyon a ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu. Daga baya an same shi a Tunisiya ma. Ba a samu shaidar cewa ya kama mutum ba. Sai dai raƙumi bai san iyakar ƙasa ba, don haka makiyaya da mahauta da masu fataucin bisashe ya kamata su san da zancen.

Abin da za mu riƙe

Tafasa ba ta kashe firiyon, haka gashi, haka shanya. A asibiti, kayan tiyata sai an turara su a zafin digiri 134 na minti 18, ko a jiƙa su a soda mai ƙarfi ko ruwan Javel mai kauri. A cikin ƙasa yakan yi shekaru bai lalace ba. A tumaki yana bin mabiyiya bayan haihuwa, kuma tunkiyar da ta kamu takan yi ta goga jiki a itace har gashi ya zube.

Mun san yadda ake yi a karkara, dabba in ta kwanta sai a gaggauta sa mata wuƙa kada a yi asara. To, wadda ta sauya hali, tana tangaɗi ko karkarwa, a kira likitan dabbobi tukuna. Kada ƙwaƙwalwarta da lakarta su shiga tukunyar romo, kada kuma a sayar da naman a ɓoye. Kada a ba shanu, tumaki, awaki ko raƙuma garin nama ko na ƙashi.

A kula kuma kada a rikita shi da ciwon haukan kare. Wannan birus ne, yana nan a ƙasarmu, yana kama shanu da raƙuma, kuma yana bin cizo da yawu. Wanda dabba irin wannan ta ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya nufi gidan likita a ranar don allura.

Ga iyalan da ke jinyar mai ciwon firiyon, a gida ko a ƙasar waje, ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko tari, ko ci a kwano ɗaya. Ba dalilin gudun majinyaci. Dattijon da ya fara mantuwa da ruɗewa cikin ƴan makonni kuwa, a kai shi asibiti da wuri, domin cututtuka da yawa masu kama da wannan suna da magani.