Karin magana cikin fenti: tarihin fassarar zanen «Moi et le village» na Marc Chagall

1. Zanen da mai zanen

Wannan ƴar takarda ta shafi zane guda, wanda Marc Chagall ya yi a birnin Pari cikin 1911, aka raɗa masa suna «Moi et le village», watau «Ni da ƙauye». Tun 1945 yana hannun gidan adana zane-zanen zamani na Niyu Yok. Mai karatu na iya tambayar mene ne haɗin malamin ilimin harshe da fenti. Dalilinmu shi ne, cikin shekaru ɗari da wani abu an yi wa wannan zane manyan fassarori uku, kuma a ganinmu abin da ya raba su shi ne harshen da mai kallo yake ji, da kuma lokacin da ya tsaya gaban zanen.

Bari mu fara da abin da ido ke gani. Zanen babba ne, tsayinsa santimita 192, faɗinsa 151. A hagu akwai kan wata farar dabba, wasu na cewa saniya ce ko maraƙi, wasu na cewa akuya, da duwatsun wuya a rataye. A dama akwai fuskar mutum, tsanwa shar, da hula a ka da gicciye a wuya. Su biyun suna kallon juna, har wani siririn layi ya tashi daga idon mutumin zuwa idon dabbar. A cikin kumatun dabbar an zana wata ƴar mace tana tatsar nono. Daga ƙasa hannun mutumin na riƙe da reshe mai fure. Can sama ga jerin gidaje da majami'a, biyu daga cikin gidajen a kife, ga manomi da lauje mai doguwar ƙota a kafaɗa, ga kuma wata mace a gabansa kai ƙasa ƙafafu sama. Wata babbar da'ira ta ratsa tsakiyar zanen ta ɗaure dukkan waɗannan abubuwa.

An haifi Chagall cikin 1887, ya kuma tashi a Vitebsk, garin da yake ƙasar Belarus a yau. A wancan zamani yana cikin yankin da daular Rasha ta keɓe wa Yahudawa, inda ba a yarda yawancinsu su zauna wajensa ba sai da takarda. Ƙidayar 1897 ta ba garin mutum wajen 66.000, fiye da rabinsu Yahudawa. Ke nan Vitebsk ba ƙauye ba ne. Ƙauyen da ya sani shi ne Liozna, kimanin kilomita 40 daga nan, inda kakansa na wajen uwa yake fawa, wani kawunsa kuma yake fataucin shanu. Mahaifinsa ɗan dako ne wajen wani mai sayar da kifin gishiri. Harshen gidansu Yidish ne, Rashanci kuwa a lakkol ya same shi, Faransanci sai da ya girma. Wannan jeri na harsuna uku shi za mu riƙe a hannu har ƙarshen bayani.

2. Fassarar Pari: mafarki

Waɗanda suka fara kallon zane-zanensa na wannan lokaci marubutan waƙa ne masu Faransanci. Blaise Cendrars ne ya raɗa wa wasunsu suna, har da wannan da muke magana a kai. Guillaume Apollinaire kuwa, da ya ziyarci ɗakinsa a La Ruche, gidan matalautan masu zane da ke kusa da abatuwar Vaugirard, kalmar da ta fito bakinsa ita ce «surnaturel», abin da ya wuce ɗabi'a. Shi ne kuma ya ƙirƙiro kalmar «surréalisme» cikin 1917. Da André Breton ya kafa ƙungiya da wannan suna cikin 1924, an nemi Chagall ya shiga, ya ƙi. Duk da haka Breton ya rubuta cikin 1941 cewa da aikin Chagall na 1911 ne siffantawa ta shiga zanen zamani.

A wannan fassara, gida a kife da mace kai ƙasa mafarki ne, irin abin da ke ɓullowa daga zuciya in hankali ya yi barci. Ba za mu daɗe a nan ba. Fassarar ta dace da abin da mutanen Pari ke nema a lokacin, ta kuma buɗe wa mai zanen ƙofa: cikin 1914 Herwarth Walden ya baje zane-zanensa a zauren Der Sturm na Berlin. Amma mai cewa abu mafarki ne ya huta da tambaya, tun da mafarki ba shi da nahawu.

3. Fassarar bayan yaƙi: makoki

Cikin 1937 gwamnatin Nazi ta saka ayyukansa cikin nunin da ta yi a Munich na zane-zanen da ta kira lalatattu. Cikin 1941 ya tsere daga Faransa zuwa Amurka. A wannan shekara ce sojan Jamus suka ci Vitebsk, kuma cikin watan Oktoba aka karkashe Yahudawan da aka tsare a unguwa guda ta garin. Kafin yaƙi masu jin Yidish sun kai miliyan 11, kuma mafi yawan Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka daga cikinsu suke.

Saboda haka wanda ya tsaya gaban zanen a babban nunin da aka shirya wa Chagall a Niyu Yok cikin 1946, da wani ido ya kalle shi. Ƙauyen ya zama duniyar da aka shafe, laujen ya zama ajali, reshe mai fure ya zama itacen rayuwa. Ba mu raina wannan kallo ba, don baƙin cikin da ya haife shi na gaske ne. Sai dai ta fuskar tarihi yana da aibi guda: yaron da ya yi zanen shekararsa 24, ƴan watanni ke nan da barinsa gida, iyayensa na raye, budurwarsa Bella na jiransa a Vitebsk. Kewa yake yi, irin ta ɗan ci-rani. Makokin daga baya aka ɗora wa zanen.

4. Fassarar masu jin Yidish

Nan ne maganar ta shigo fagenmu. Cikin 1978 Ziva Amishai-Maisels ta jami'ar Ibrananci ta Ƙudus ta buga wani nazari a kan barkwancin da Chagall ya ɓoye cikin zane-zanensa, wanda sai mai jin Yidish zai gane. Daga baya Benjamin Harshav, masanin adabi ɗan asalin Vilna wanda ya koyar a jami'ar Yale, ya faɗaɗa wannan hanya. Abin da suka nuna shi ne, da dama daga cikin abubuwan da Pari ta kira mafarki, daskararrun maganganu ne na Yidish (abin da muke kira «expressions figées» a aji) da mai zanen ya ɗauka a ma'anarsu ta zahiri ya shafa musu fenti.

Misalai sun fi bayani. A hoton kansa da ya zana cikin 1912-1913, wanda yake Amsterdam, hannunsa na hagu yatsu bakwai gare shi. A Yidish, in an ce mutum ya yi abu «mit ale zibn finger», da yatsu bakwai duka, ana nufin ya yi shi da iyakar ƙoƙarinsa. A zanen da ya yi cikin 1914 bayan komawarsa gida, wani tsoho da buhu a baya da sanda a hannu yana shawagi bisa rufin gidajen Vitebsk. Ga Bafaranshe wannan tashi sama ne, ga mai Yidish kuwa almajiri ne kurum, don ana cewa mai bara yana tafiya «iber di hayzer», bisa gidaje, watau ƙofa ƙofa. Haka nan wanda ba shi da sana'a tsayayya ana kiransa «luftmentsh», mutumin iska. A wani zanen na 1911 da ke Philadelphia, mawaƙi na zaune da kansa a juye, an kuwa san «fardreyter kop», juyayyen kai, ga wanda ya ruɗe. A zanen da Cendrars ya kira «À la Russie, aux ânes et aux autres» saniya ce tsaye a kan rufin ɗaki, alhali in mai Yidish ya ji ƙaryar da ta wuce kima yakan ce ai saniya ma ta tashi bisa rufi ta yi ƙwai.

Don ɗalibanmu su ga yadda abin ke aiki, su gwada da Hausa. A ce wani mai zane ya ɗauki «hankalinta ya tashi» ya zana mace da wani abu na fita daga kanta yana yin sama, ko ya ɗauki «ya ci amana» ya zana mutum zaune gaban akushi, ko «ya sha iska» da ƙwarya a baki. Bahaushe zai yi dariya nan take. Baƙo kuwa zai tsaya ya rubuta shafi goma a kan mafarkin Afirka. Dukkansu abu ɗaya suke kallo, amma ɗaya na da jimlar a kunne, ɗaya ba shi da ita. Abin da mai zanen ya yi shi ne ta da siffantawar da ta mutu saboda yawan faɗi: mai cewa hankalinsa ya tashi ba ya ganin wani tashi, sai an zana masa.

To, in muka dawo kan «Moi et le village», me wannan mabuɗi yake buɗewa? Gidaje a kife da mace kai ƙasa sun shiga sahun juyayyen kai da duniyar da ta birkice. Tsanwar fuska kuma an danganta ta da «grin un gel», tsanwa da rawaya, abin da ake faɗa wa wanda wahala ko rashin lafiya ta canza wa kama. Wannan na biyu bai gamsar da mu ba, don mutumin zanen murmushi yake, ba alamar jinya tare da shi, kuma masu zanen Pari sun riga sun saba shafa wa fuska tsanwa tun Matisse cikin 1905. Nan ne haɗarin hanyar yake: duk harshe na da dubban karin magana, wanda kuwa ya shiga rumbu da niyyar samo abin da ya yi kama da hoto ba zai fito hannu sake ba. Yatsu bakwai hujja ce mai ƙarfi saboda adadin ya faɗo daidai. Launi kaɗai bai isa ba.

5. Gicciyen wuya, da abin da mai zanen ya faɗa

Akwai abubuwa biyu da fassara ta uku ba ta iya haɗiyewa.

Na farko gicciyen da ke wuyan mutumin, da majami'ar da ke saman zanen. In «Moi» na sunan zanen shi ne wannan mai tsanwar fuska, to jikan mahaucin Liozna ya zana kansa da alamar addinin maƙwabtansa. In kuwa manomi ne Kirista, to ƙauyen da ake kewa ba na Yahudawa kaɗai ba ne. Mu mun fi karkata ga na biyu, kuma tarihin gidan ya goyi bayansa. Fataucin shanu shi ne ya haɗa dangin da manoma: daga hannunsu ake sayen dabba, a kai ta wuƙar kaka. A littafin rayuwarsa, «Ma vie», wanda ya fito da Faransanci cikin 1931, Chagall ya ba da labarin tausayin da yake ji wa shanun da ake yankawa, tare da amsa cewa naman yana ci. Layin da ya haɗa idon mutum da na dabba ya fi kama da wannan alaƙa ta mai kiwo da abin kiwonsa, wadda ta ƙunshi nono da lauje da wuƙa gaba ɗaya. A cikin littafin ne kuma ya ce an taɓa neman kakansa ranar wani biki aka rasa, sai can aka gan shi a kan rufin gida yana cin karas. Ashe wani mutumin kan rufi ba mafarki ba ne, ba kuma karin magana ba, tsoho ne da ya gaji da hayaniya.

Ita ma dabarar nuna abin da ke cikin ciki tana da asali a wajen Yidish. Hotunan «lubok», waɗanda ake bugawa da araha ana sayar wa talakawan Rasha a kasuwa, ba su damu da girman abu ko nisansa ba, kuma masu zanen Rasha na tsaransa, irin su Larionov da Goncharova, suna ɗiba daga gare su da allunan shaguna. Cikin 1912 Chagall ya sake yin haka a zanen ɗan fataucin dabbobi da ke Bâle, inda ake hango ɗan doki a cikin cikin goɗiya. Da'irori da layukan da suka yanka zanen kuwa na Pari ne, na masu kubizim da Robert Delaunay.

Na biyu shi ne maganar mai zanen kansa. A hirar da James Johnson Sweeney ya yi da shi cikin 1944, ya ce ya sa ƴar matar da ke tatsa a cikin kan saniyar ne don tsarin zanen na bukatar siffa irin wannan a wurin. Ya sha ƙin a kira aikinsa adabi ko tatsuniya. Ya kamata a saurare shi, amma a tuna da wanda yake yi wa magana: a idon masu sukar zane na lokacin, a ce zane yana ba da labari zagi ne, shi kuwa baƙo ne mai neman a lissafa shi cikin masu zanen zamani. Kuma amsarsa ta tsaya rabin hanya. Tsari na iya bukatar ƙaramar siffa a kumatun dabba, amma tsari bai ce lalle sai mace mai tatsa ba. Wannan zaɓi daga Liozna ya zo.

Harshav ya lura cewa Yidish kansa harshe ne na gauraye, kamar yadda Max Weinreich ya siffanta shi: gangar jikinsa daga Jamusanci, kalmomin addini da karatu daga Ibrananci da Aramiyanci, na gona da ɗakin girki da yawa daga harsunan Silab, ana kuma rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci kamar yadda ajaminmu ya ari na Larabci. Wanda ya tashi da irin wannan harshe ya saba haɗa tushe uku cikin jimla guda ba tare da jin ya yi wani abin mamaki ba. A hoton nan mai yatsu bakwai, hasumiyar Eiffel na leƙowa ta taga, zanen saniyar kan rufi na bisa allon aikinsa, majami'ar Vitebsk na cikin gajimare a dama, a saman bango kuma ya rubuta sunaye biyu da baƙaƙen Ibrananci, Rasha da Pari.